Yadda Za Ku Sa Inshora Ta Biya wa Ɗanku Na'urar Ji a Amurka

Ranar da ma'aikaciyar jinya ta dawo mana da jaririyarmu daga gwajin kunne, ta ce ba ta tsallake ba sai an sake, ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na ce ruwan haihuwa ne bai gama fita daga kunnen ba, kuma lallai ga jarirai da yawa haka abin yake. Namu bai zo da haka ba. Bayan mako bakwai masanin ji ya juyo mana da allon kwamfutarsa, ya bi wasu layuka da yatsa, ya ce kunnuwan biyu duk suna da rauni, kuma yarinya tana bukatar na'urar ji tun yanzu. Muna fitowa, matar da ke teburin kuɗi ta miƙo mini takarda. Dala 5,000 ne da 'yan kai.

Na kira lambar da ke bayan katin inshorata, aka ce tsarina ba ya biyan na'urar ji. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, akwai wani ɗan uwa da muke sallar Juma'a tare, jiharmu ɗaya, tambarin da ke katinsa shi ne a nawa, amma an biya wa ɗansa. Sai da na sha yawo kafin na gane dalili, kuma wannan dalilin ne ƙashin bayan jagorar nan: kafin ku tambayi ko inshora za ta biya, ku fara gano wane ne ainihin mai fitar da kuɗin a bayan katinku, domin shi ne zai nuna dokar da ke kare ɗanku.

Mataki na farko: kunnen yaro ba ya jiran takarda

A Amurka, jarirai 2 zuwa 3 cikin kowane 1,000 ana haihuwarsu da raunin ji a kunne ɗaya ko duka biyu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da ba sa ji, iyayensu masu ji ne garau. Don haka kada ku tsaya binciken dangin wa abin ya biyo. Ƙa'idar da asibitoci ke bi ita ce 1-3-6: a yi gwajin farko kafin wata 1, a tabbatar da matsalar kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Ƙwaƙwalwar jariri tana gina hanyoyin magana ne da sautin da ke shiga, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gwajin da ke tabbatarwa ga jariri shi ne ABR. Ana manna masa wasu 'yan wayoyi a goshi da bayan kunne yana barci, na'ura ta auna yadda jijiyar ji ke amsa sauti. Ku kai shi da ɗan barci a ido da 'yar yunwa, ku shayar da shi a ɗakin gwajin, sai ya yi barci a gama a zama ɗaya.

Na san maganganun da za ku ji daga gida: miskili ne, babansa ma bai yi magana da wuri ba, ko kuma Hausa da Turanci ne suka rikita shi. Harshe biyu ba ya hana yaro juyowa idan an buga ƙofa. Haka nan yaron da aka haifa a Kano ko Maraɗi ko Kumasi aka zo da shi daga baya, mai yiwuwa ba a taɓa gwada kunnensa ba. Idan ya taɓa yin sanƙarau, ko ƙyanda, ko shawara mai tsanani yana jariri, ko an yi masa allurai irin su jentamaisin, ku nemi a gwada shi ko da kuna ganin yana ji. Na sanƙarau kam gaggawa ne, domin ƙashi na iya tsirowa ya toshe dodon kunne na ciki cikin 'yan watanni, dasa masa na'urar ji a cikin kunne ta hanyar tiyata ya yi wuya. Kada ku ɓoye tarihin nan don tsoron inshora. Dokar lafiya ta 2010, wadda aka fi sani da Obamacare, ta hana tsare-tsaren da ke ƙarƙashinta ƙin yaro ko ƙara masa kuɗi saboda ciwon da ya zo da shi.

Abu ɗaya da hidimar suna ke sa a manta: sa jariri a inshora. Idan ta wurin aiki ce, yawanci kwana 30 kuke da su daga haihuwa. Idan ta kasuwar inshorar gwamnati ce, kwana 60.

Mataki na biyu: wane ne mai biya?

Nan ne zan daɗe, domin nan ne yawancinmu muke ɓata.

Idan yaronku yana kan Medicaid, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin samu, ku kwantar da hankalinku. Dokar tarayya tana da wani sashe mai suna EPSDT, wanda ya wajabta wa kowace jiha ta yi wa duk wanda bai kai shekara 21 ba gwajin ji da magani, kuma an ambaci na'urar ji da sunanta a ciki. Jiha na iya ƙin biya wa babba, amma ba ta da ikon ƙin yaro idan likita ya nuna bukata. Jaririn da mahaifiyarsa ke kan Medicaid ranar haihuwa yana shiga kai tsaye har ya shekara. Shirin CHIP, na iyalan da samunsu ya ɗan wuce na Medicaid, galibi yana biya, sai dai wasu jihohin suna sa iyaka. Mazauna Niyok, inda 'yan uwanmu suke da yawa a Buronks, suna da Child Health Plus, wanda ke karɓar yara 'yan ƙasa da shekara 19 ba tare da duba takardun zamansu ba.

Idan kun sayi inshorar da kanku, ko kuma wurin aikinku ya saya muku ita daga kamfanin inshora, wato kamfanin ne ke ɗaukar asara idan kuɗin magani ya yi yawa, to dokar jiha ce ke mulkin tsarin. Duk abin da jihar ta wajabta, dole su bi.

Sai iri na uku, wanda ni na faɗa ciki. Manyan ma'aikatu da yawa ba sa sayen inshora. Suna ware kuɗinsu ne su biya maganin ma'aikatansu, su ɗauki kamfanin inshora haya don ya riƙe musu lissafi ya buga kati. Tambarin kamfanin ne a katin, amma aljihun na mai aikinku ne. Irin wannan tsari yana ƙarƙashin wata dokar tarayya ta 1974 mai suna ERISA, kuma dokar jiha ba ta hawa kansa. Fiye da kashi 60 cikin 100 na ma'aikatan da ke samun inshora ta wurin aiki a irin wannan suke. Ɗan uwan nan nawa yana aiki a ƙaramin wuri da ya sayi inshora, ni kuma a babban wuri mai biya da kansa. Bambancin ke nan.

Ku je ofishin kula da ma'aikata ku yi tambaya ɗaya: kuɗin magani, kamfanin inshora ne ke biya daga asusunsa, ko ma'aikatar nan ce ke biya shi kuma yana gudanarwa? Idan sun ce kamfanin inshora ne, ku ƙara da tambayar a wace jiha aka rubuta yarjejeniyar, domin sau da yawa dokar jihar da aka rubuta ta ce ke aiki, ba ta inda kuke kwana ba. Masu tuƙin manyan motoci da masu aiki da kamfanin da hedikwatarsa ke wata jiha su lura da wannan.

Sannan ku karɓi takardu biyu. Ta farko ita ce SBC, gajeren bayani ne mai 'yan shafuka. Can wajen ƙarshe akwai akwati biyu, na abubuwan da ba a biya da na ƙarin abubuwan da ake biya, kuma na'urar ji tana cikin ɗayansu. Ta biyu ita ce cikakken kundin tsarin, wanda a wurin aiki ake kira SPD. Idan kun nema a rubuce, doka ta ba su kwana 30 su ba ku.

Mataki na uku: me jiharku ta ce?

Babu dokar tarayya da ta tilasta wa duk inshorar 'yan kasuwa biyan na'urar ji. Gwajin jariri kyauta ne a ƙarƙashin dokar 2010, amma na'urar kanta an bar wa jihohi. Fiye da rabin jihohi 50 sun wajabta ta ga yara, kowace da nata awon.

Teksas, tun dokar 2017, ta ce a biya wa ɗan shekara 18 zuwa ƙasa na'ura ɗaya a kowane kunne duk shekara uku, haɗe da robar kunne da aikin daidaitawa, har da dashen kunne. Jojiya ta sa dala 3,000 ga kowane kunne duk wata 48. Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa a Girinsboro, ta sa dala 2,500 ga kowace na'ura duk wata 36 ga wanda bai kai 22 ba. Masacusets dala 2,000 duk wata 36, Merilan dala 1,400 duk wata 36. A Niyok, tsare-tsaren ɗaiɗaikun mutane da na ƙananan ma'aikatu suna biyan saye ɗaya duk shekara uku. Kalifoniya ta bi wata hanya dabam: a 2021 ta buɗe shirin HACCP don yaran da inshorarsu ba ta biya, a 2023 kuma Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu a kan ƙudirin da zai wajabta wa kamfanoni.

Majalisun jihohi suna gyara waɗannan dokoki kusan kowace shekara, don haka ku kira hukumar kula da inshora ta jiharku ku ji wadda ke aiki yau. Ku nemi abu huɗu: iyakar shekaru, iyakar kuɗi da ko na kunne ɗaya ne ko na biyu, tsawon lokaci kafin a sake, da kuma ko robar kunne da gyara suna ciki. Ku rubuta lambar dokar, za ta yi muku rana.

Akwai wata 'yar ƙofa da ba kowa ya sani ba. Idan jiha ta sa na'urar ji cikin muhimman hidimomin da dokar 2010 ta tanada, ba a yarda a ɗora musu iyakar dala ta shekara ba. Shi ya sa wani tsarin yakan biya fiye da adadin da ke rubuce a tsohuwar dokar jiha. Ku tambaya.

Mataki na huɗu: kiran waya da lambobi a hannu

Kada ku kira kamfani ku ce kawai ko kuna biyan na'urar ji. Mai amsa wayar allo take karantawa, kuma allon lambobi ya sani. Ku ce wa ofishin masanin ji su rubuta muku lambar ciwon da lambobin kayan. Raunin jijiyar ji a kunne biyu, misali, H90.3 ne. Na'urar zamani ta bayan kunne guda biyu V5261 ce, guda ɗaya V5257, robar kunne V5264, batir V5266, gyara V5014. Ku karanto su ɗaya bayan ɗaya, a gaya muku matsayin kowace.

Daga nan ku bi kuɗin. Nawa ne za ku fara biya daga aljihunku a shekara kafin inshora ta sa hannu, kuma nawa ya rage? Bayan nan kashi nawa ne naku? Wannan ya fi komai ba iyaye mamaki. Jiha na iya wajabta biya, amma idan tsarinku ya ce sai kun kashe dala 4,000 tukuna, kusan duk kuɗin na'urar a kanku zai faɗo. Idan haihuwar ta riga ta cinye wannan kaso a bana, ku yi ƙoƙari a sayi na'urar kafin shekarar tsarin ta juya.

Kafin ku ajiye waya, ku karɓi sunan wanda kuka yi magana da shi da lambar shaidar kiran, ku rubuta da kwanan wata. Ni wani jan fayil na saya, komai a ciki yake, har yau yana saman firji.

Idan Turanci yana ba ku wahala, ku nemi tafinta na Hausa. Asibitin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya wajibi ne ya samar muku da shi kyauta, bisa dokar 'yancin jama'a ta 1964 da sashe na 1557 na dokar lafiya. Kada ku ɗora wa yayan yaron ɗan shekara goma fassarar maganar kuɗi da ciwo.

Mataki na biyar: izini tukuna, saye daga baya

Yawancin tsare-tsare suna son su amince kafin a yi odar na'ura. Idan kuka saya kafin amincewar ta fito, suna iya ƙin mayar muku da ko sisi. Ofishin masanin ji ne ke turawa, amma ku tabbata an haɗa da sakamakon gwaji, da takardar likitan kunne, hanci da maƙogwaro cewa ya duba yaron ya yarda a sa masa, da wasiƙar da ke bayyana bukata. Wasiƙar ta faɗi shekarun yaro, da girman raunin, da abin da jinkiri zai yi wa maganarsa.

Ku duba kuma ko masanin jin yana cikin jerin waɗanda kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da su. Wani lokaci za su tura ku shagon da tsofaffi kawai yake sa wa na'ura. Kunnen jariri ƙarami ne, sauti ya fi ƙarfi a cikinsa, kuma shi ba zai ce ya yi masa yawa ba, sai an auna da ɗan siririn bututu a cikin kunnen. Idan babu ƙwararren yara a jerinsu kusa da ku, ku nemi a rubuce su ba ku izinin zuwa wajen na waje a farashin na ciki.

Maganar robar kunne kada ku raina ta. Ita ce ake zubawa daidai da ramin kunnen yaro, kuma jariri girma yake kamar ana hura shi. A watannin farko kusan duk bayan 'yan makonni muke komawa. Alamar ita ce fito: uwar 'yarmu ta goya ta, zani ya taɓa kunnen, sai ka ji na'ura tana kuka kamar sauro, ka san roba ta yi sako-sako. Ku tambayi guda nawa ake biya a shekara. A Medicaid, idan adadin ya ƙare kuma yaro yana bukata, EPSDT ta ba ku damar neman ƙari.

Ku karanta garanti kafin ku sa hannu: shekara nawa ne, kuma idan na'ura ta ɓace ko ta faɗa ruwa sau nawa ake musanyawa. Yawanci sau ɗaya ne. Tamu ta taɓa cire tata ta jefa a kwanon koko. Ku nemi igiyar da ake maƙalawa a riga, da murfin batir mai kulle, domin ƙaramin batir ɗin nan idan yaro ya haɗiye shi, sai ɗakin gaggawa nan take.

Mataki na shida: idan sun ƙi

Ku sa su rubuto dalili, domin dalilin ne ke nuna hanyar bi. Idan kuskuren lamba ne ko wata takarda ta ɓace, ofishin masanin ji ya gyara ya sake turawa. Idan sun ce ba larura ba ce, ku ɗaukaka ƙara. Kuna da kwana 180 daga ranar da wasiƙar ta iso. Su kuma suna da kwana 30 su amsa idan ba a riga an saya ba, 60 idan an saya, awa 72 idan likita ya ce gaggawa ce. Idan sun sake ƙi, kuna da wata 4 ku nemi masu duba na waje, waɗanda ba ma'aikatan kamfanin ba ne, kuma hukuncinsu dole kamfani ya bi. A Medicaid da kamfani ke gudanarwa, kwana 60 ne na ƙarar farko, daga nan sai zaman sauraro a gaban jiha. Ku rubuta EPSDT ɓaro-ɓaro a takardarku.

Idan kuma sun ce tsarin ne gaba ɗaya ba ya biyan na'urar ji, ku koma mataki na biyu. In dokar jiha ta hau kansa, ku aika musu lambar dokar, ku kai ƙorafi hukumar inshora ta jiha, kyauta ne. In na ERISA ne, zan gaya muku gaskiya, ɗaukaka ƙara ba kasafai take cin nasara a nan ba, tunda ba su karya yarjejeniya ba. Amma ku tuna aljihun na wane ne. Mai aikinku shi ya zana tsarin, shi kuma ke da ikon yin rangwame ko ƙara na'urar ji a shekara mai zuwa. A rashin tayi akan bar arha. Ni na rubuta wasiƙa shafi ɗaya, na haɗa da takardar likita da kwafin dokar jiharmu, na ce duk yaran maƙwabta doka ta kare su ban da 'ya'yan ma'aikatanku. Ba su biya a wannan shekarar ba, amma da tsarin ya sabunta sai ga na'urar ji ta yara a ciki.

Mataki na bakwai: abin da za a sa wa yaro kafin nan

Duk wannan kai-komo yana iya cin watanni, yaro kuma ba zai zauna shiru yana jira ba. Tun ranar farko ku tambayi masanin ji game da na'urar aro. Jihohi da yawa da asibitocin yara suna da rumbun na'urorin da ake ba da aro na 'yan watanni, kuma da ta aro 'yata ta fara jin muryar uwarta.

Ku kira shirin tallafin farko na jiharku, wanda ke ƙarƙashin sashe na C na dokar ilimin yara masu larura ta IDEA, na yara daga haihuwa zuwa shekara 3. Ba sai likita ya tura ku ba. Tantancewa kyauta ce, kuma cikin kwana 45 ya kamata a zauna da ku a tsara hidimar da za a yi wa yaro, kamar mai koyar da magana da zai riƙa zuwa gida. A wasu jihohin suna taimakawa da kuɗin na'ura idan sauran hanyoyi sun toshe. Ku tambayi kuma ko yaron zai iya samun Medicaid a matsayin inshora ta biyu saboda larurarsa. Fensilbaniya, misali, tana da hanyar da ba a duba samun iyaye. Ƙungiyar Hands & Voices ta iyaye ce irinku, sun san lungunan jiharsu, kuma kulob ɗin Lions da Sertoma sukan taimaka da kuɗi. Idan kuna da asusun HSA ko FSA, wato asusun ajiyar kuɗin magani, a wurin aiki, na'ura da batir duk ana biya da shi.

Abin da nake roƙonku kada ku yi shi ne sayen ta kanti ko ta intanet. Tun Oktoba 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta yarda a sayar da wasu na'urorin ji ba tare da takardar likita ba, amma na 'yan shekara 18 zuwa sama ne. A kunnen yaro, ko dai sautin ya gaza ya rasa rabin magana, ko ya yi yawa ya lalata sauran jin da ya rage. Haka ma idan za ku aika wa ɗan ɗan'uwa a gida, ku aika da kuɗin ganin masanin ji a asibitin koyarwa, kada ku aika da na'urar da ba a auna masa ba.

Idan yaro ya shiga makaranta, yawanci ba za su saya masa tasa ta kansa ba. Amma ta tsarin IEP ko na 504, wato tsarin tallafin da makaranta ke rubuta wa yaro mai larura, kuna iya neman ƙaramar makirfon da malama ke ratayawa, muryarta ta tafi kunnensa kai tsaye, kuma ga yaron da ke da IEP doka ta ɗora wa makaranta duba cewa na'urarsa tana aiki.

A bangon fayil ɗinku ku rubuta ranar da aka sa wa yaro na'urar, domin wata 36 ko 48 ɗin nan yawanci daga ranar ake ƙirga su, kuma ku fara neman sabon izini wata biyu kafin su cika. Duk lokacin da za ku canja aiki ko ku ƙaura wata jiha, ku karɓi SBC na sabon wurin ku duba akwatin nan biyu kafin ku ajiye tsohon katin.